Jita da kiɗan na'ura a ɗaki ɗaya: sawunkad, fedal da lufa, ko amfi da makirfo?

Wani ƙanina da ya kusa shekara uku yana kaɗa jita ya turo min saƙo kwanakin baya, yace "Yaya don Allah taimaka, na fara haɗa bit a laftof kuma ina so jitata ta shiga ciki, amma duk sanda na haɗa su sai inji kowa na tafiyarsa daban, bit na gabas jita na yamma, wai me ya kamata in saya ne?" Na fara bashi amsa a gajarce sai naga maganar ba ta layi biyu bace, shi yasa nace bari in zauna in warware ta gaba ɗaya ko wani ma zai amfana, don nima na daɗe ina dawurwura a wurin nan kafin in kama bakin zaren.

Hanyoyin dai manya guda uku ne sai wata ƙarama a gefe. Ko ka soka jitar kai tsaye a sawunkad, wato akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, ka bar kwamfuta tayi sauran aikin, ko ka jera na'urori a tebur da ƙasa, fedal da ake takawa ya canza sautin jita, da lufa mai naɗa abinda ka buga ta riƙa maimaitawa, da mashin ɗin ganga, kayi ta kiɗanka ba ruwanka da sikirin, ko kuma ka kunna amfi na gaske ka kafa masa makirfo a baki. Ƙaramar ita ce ka mayar da jitar tamkar fiyano tana tuƙa sinti, na'urar da ke ƙera sauti, ta MIDI, yaren da na'urorin kiɗa ke magana da juna dashi. Duk na taɓa su, kuma abinda na fahimta shi ne a kiɗan na'ura tambaya biyu ce ke raba gardama kafin ma azo kan wanne yafi daɗin sauti: wa ke riƙe da agogon gudun kiɗan, sannan yaushe kake so ka yanke hukunci kan sautin jitar, kafin ka naɗa ko bayan ka naɗa. Makaɗin ganga ɗan adam yana sauraronka, in ka ja baya kaɗan zai lallaɓa ya jira ka, mashin kuwa bai san wannan ba, in an ce masa 120 BPM, wato bugu 120 a minti, to 120 ɗin zai yi har a kashe shi.

Bari in fara da sawunkad tunda shi yawancin mutane zasu fi dacewa dashi, kuma a nan ne ake yin kurakuran da suke sa mutum ya tsani hanyar alhali ba laifinta bane.

Kuskure na farko ramin da ake soka wayar. Jitar lantarki mai fikof na gargajiya, wato abin kwaso sautin tsirkiya wanda ba batir a cikinsa, siginarta rarrauna ce kuma tana son ƙofa mai juriya babba, wajen megaom 1, wanda shi ne abinda take samu a bakin amfi. Ramin layin da ake soka fiyano ko sinti juriyarsa ƙasa take sosai, wajen kiloom 10 ko kusa da haka, in ka soka jita a nan saman sautin zai mutu, zaka ji ta dishi-dishi kamar an lulluɓe ta da bargo, kayi ta murɗa ikyu, abin ƙara ko rage sama da ƙasan sauti, a banza. Shi yasa a Focusrite Scarlett zaka ga maɓallin INST, a wasu kuma an rubuta Hi-Z, Audient iD4 ma rami na daban gare shi a gaba don jita kawai. Danna maɓallin nan ɗan'uwa, sannan ka saita ƙarfin shigar yadda in ka buga da iya ƙarfinka mita zata tsaya wajen -12 zuwa -10, a 24 bit baka buƙatar cika ta taf, kuma in ta taɓa ja an gama, ba filogin, wato ƙaramar manhajar sarrafa sauti, da zai gyara wannan fashewar.

Na biyu shi ne jinkiri, kuma wallahi shi ne ya fi korar makaɗa daga kwamfuta. Sautin sai ya shiga sawunkad a mayar dashi lambobi, ya wuce kwamfuta, filogin yayi aikinsa, ya dawo a sake mayar dashi sauti sannan ya iso kunnenka, kuma kwamfuta bata ɗaukarsa ɗai-ɗai, tara shi take kashi-kashi, girman kashin nan shi ake cewa bofa. Lissafin ba wuya: in kana aiki a samful 48,000 cikin sakan ɗaya, bofa 128 tana cin milisakan 2.7, bofa 256 tana cin 5.3, 512 tana cin 10.7, 1024 kuwa 21 da ɗoriya, kuma wannan tafiya ce kawai, sai ka ninka biyu don dawowa ka ƙara ɗan abinda sawunkad ɗin kansa ke ci. Don ka gane nauyin lambobin, sauti a iska yana cin mita 343 a sakan, kenan wanda ya tsaya mita 3 daga amfinsa dama can yana jin kansa da jinkirin milisakan 9 kuma bai taɓa ƙorafi ba. Toh amma a bofa 1024 ka haura milisakan 40, kamar an ɗauke amfin an kai shi mita 14 ko 15 nesa da kai ne, ka taɓa tsirkiya yatsa yaji amma kunne bai ji ba tukun. Ni nayi watanni a haka ina zargin hannuna, kullum in na saurari abinda na naɗa sai inji ina bayan ganga, na ƙara awannin atisaye abin bai canza ba, ranar da na sauke bofa zuwa 128 na buga kod ɗaya naji ya fito tare da yatsana, sai da na ajiye jitar na ɗan yi shiru.

Maganinsa dai: a Windows kayi amfani da direban ASIO na kamfanin da ya ƙera sawunkad ɗinka, ASIO4ALL na maneji ne in babu wani, masu Mac basu da wannan ciwon kan don Core Audio yana ciki. Lokacin naɗa ka sauke bofa, lokacin miksin ka ɗaga ta. Kashe limita da duk wani filogin mai nauyi da ka ɗora a masta kafin ka fara bugawa, don wasunsu leƙa gaba suke yi su riƙe sautin, jinkirinsu kuma kowa a waƙar sai ya biya. In sintin da ka tara sun yiwa kwamfutar yawa har ta fara ƙas-ƙas, ka daskarar dasu ko ka fitar da bit ɗin a matsayin fayil ɗaya ka buga a kansa.

In ka haye waɗannan biyun to ka shigo inda hanyar nan ta yiwa sauran fintinkau. Abinda ake naɗa a tirak ɗin busasshen sautin jitar ne, ba gurnani ba eko ba komai, amfin da kake ji filogin ne kawai zaune a kai, kenan bayan sati biyu in ka canza bes ɗin waƙar kaga gurnanin jitar ya fara cin karo dashi, sai ka canza amfin a sakan biyar ba tare da ka sake buga ko nota ɗaya ba. A kiɗan na'ura wannan ba ƙaramin abu bane, saboda waƙar canza kama take har ranar ƙarshe, sautin da yayi daɗi da jita ita kaɗai sau da yawa shi ne yake cushe komai in sinti suka shigo. Filogin na amfi kuma sun daɗe da girma, AmpliTube tun 2002 yake, Guitar Rig tun 2004, ga Neural Amp Modeler da yake kyauta kuma a buɗe, mutane na kwafo halin amfinsu na gaske suna rabawa. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: kar ka manta da akwatin lasifika a bayan amfin. Lasifikar jita ta gaske bata fitar da komai sosai sama da 5 kHz, ita ce take tace ƙaiƙayin gurnanin, in ka kunna filogin na amfi ba akwati ko fayil ɗin IR mai kwaikwayon akwatin a bayansa zaka ji wani zzz kamar ƙudan zuma a gwangwani, da yawa a nan suke yanke cewa "jitar kwamfuta bata da rai".

Sannan ga wasan da ba a iya yi da daɗi sai a nan. Ka buga kod huɗu ka yanka su gunduwa-gunduwa ka jera a kan giridi, wato layukan bugu na manhajar, ka juya ɗaya ta baya ta zama kamar numfashi kafin amshi ya shigo, ka sauke wata da oktaf guda ta koma bes, ka miƙar da nota ɗaya ta yi sakan goma ka zuba mata ribab, amon nan irin na babban ɗaki, har ba wanda zai ce jita ce. Eko kuma da kansa yake bin gudun waƙar, ba sai ka lissafa ba, ko da yake lissafin yana da kyau a sani don ranar da zaka saita fedal da hannu: raba 60,000 da BPM, a 120 bugu ɗaya milisakan 500 ne, rabinsa 250, kashi uku cikin huɗunsa 375, kuma 375 ɗin nan shi ne wanda in ka buga notoci ɗai-ɗai a tsanake sai ekon ya cike tsakaninsu kaji kamar hannu biyu ke aiki.

Maganar wace manhaja, gaskiya bana son ta zama rigima. Ableton Live da ta fito a 2001 ita ce tafi sakin jiki da mai jita, don tana da fuskar da kake naɗa gajerun zagaye ka kunna su yadda kaga dama ba sai ka tsara waƙa daga farko zuwa ƙarshe ba, kuma tana iya miƙa ko matse abinda ka buga ya hau kan gudun waƙar, ƙaramarta Live Lite mai tirak 8 tana zuwa kyauta da sawunkad da yawa. FL Studio wajen zana ganga da karin sinti da linzami ba dama, sai dai ka lura mafi ƙanƙantarta, Fruity, bata naɗar sauti daga waje, sai Producer zuwa sama. Reaper bata da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta, kuma wajen naɗa da gyaran sauti ƙwararriya ce amma bata zuwa da sinti na a zo a gani. Mai Mac yana da GarageBand a zaune da amfinta a ciki. In ka riga ka saba da ɗaya zauna a kanta, sati ukun da zaka ɓata kana koyon sabuwa gara ka ɓata su kana bugawa.

Illar hanyar kuwa ta gaske ce, bazan ɓoye ba. Hannunka na dama rabi yana kan tsirkiya rabi yana kan linzami, ka ɗauki jita da niyyar bugawa sai ka farga awa ɗaya ta wuce kana gwada amfi na goma sha bakwai, tunda ba abinda ya tilasta maka yanke hukunci sai kaƙi yankewa. Ga kuma ƙugi. Fikof mai nadi ɗaya irin na Stratocaster eriya ce sosai, tana kwaso ƙugin wutar lantarki na 50 ko 60 Hz da hayaniyar caja da sikirin, gurnanin filogin kuma ya ninka shi. Gwada wannan: zauna a kujera mai juyawa, ɗora hedifon, buɗe murfin ƙarar jitar kar ka taɓa tsirkiya, sai ka juya a hankali kamar allurar kamfas, zaka ji ƙugin yana hawa yana sauka, akwai wata kusurwa da zai kusa ɓacewa, toh a nan zaka zauna ka naɗa ko da bayanka ne ke kallon kwamfutar. In ka zare cajar laftof kaji hayaniyar ta ɗauke, ka gano ɓarawon. Fikof mai nadi biyu, hambaka, an ƙera shi ne tun shekarun 1950 don kashe wannan ƙugin, mai irinsa ya huta da rabin wahalar.

Toh sai hanyar na'urori, wadda nake so har raina duk da nasan halinta.

A nan ba bofa ba direba ba sabuntawar da zata tsaya maka a wuya, ka kunna wuta ka taka fedal sauti ya fito, ƙafa na aiki hannu na aiki ido a rufe in kaga dama, kuma akwai wani abu da yake faruwa da bugun mutum in ba sikirin a gabansa, kunne ne yake dawowa shugaba. Mashin ɗin ganga na tafiya, ka ɗora zagayen kod a lufa, ka ɗora bes a kai, ka murɗa fiilta da hannun hagu, cikin minti biyar ɗakin ya cika. Wanda ya wuni a gaban kwamfuta wurin aiki ya dawo gida yana son ya huta da kiɗa, wannan ce hanyarsa, ba ko tantama.

Amma ga ramin da kusan kowa ke faɗawa. Ace ganga na tafiya a 120 BPM, ka naɗa zagaye mai bugu 16 a lufa, sakan 8 kenan cif. Ƙafarka ta makara da milisakan 30 wajen rufe zagayen, abinda ba kunnen da zai kama a karon farko. Zagaye na biyu tazarar ta zama 60, na biyar 150, a na goma ta kai 300, ta wuce rabin bugu, jita da ganga sun rabu kowa ya kama gabansa, kuma ba ƙwarewar ƙafa ce zata hana ba, duk iyawarka sai an samu ɗan bambanci kuma taruwa yake. Maganin kawai lufar ta karɓi agogo daga gangar. MIDI da aka tsayar tun 1983 yana da sigina ta musamman don wannan, ƙyaftawa 24 a kowane bugu, na'ura ɗaya ce shugaba tana aikawa sauran suna bi. Kenan kafin ka sayi lufa juya bayanta ka duba ramin MIDI. Ditto ta asali ta TC Electronic da Boss RC-1 lufa ne masu kyau ga mai jita shi kaɗai amma basu da shi, Boss RC-5 da RC-500 da Ditto X4 suna dashi. Haka fedal ɗin eko, in baya karɓar agogo to aƙalla ya zama yana da maɓallin da zaka taka masa gudun da ƙafa. Wannan magana ɗaya da an faɗa min ita da wuri da ta rage min baƙin ciki mai yawa.

Akwai kuma na'urorin da suke haɗa ganga da samfula a akwati ɗaya. Roland SP-404MKII misali yana da ramin jita a gaba da amfin kwaikwayo a ciki, ka buga ka kama ka yanka a kan maɓallansa nan take, yana ba da wani abu tsakanin hanyoyin biyu. Wasu irin Elektron Digitakt suna karɓar sauti daga waje amma ramin na layi ne, sai ka sa fedal ko wani abu a tsakani ya ɗaga siginar.

Inda hanyar take gazawa shi ne gama waƙa. Zagaye mai daɗi na sakan 8 ba waƙa bace, kuma fitar da shi daga zagaye zuwa abu mai farko da tsakiya da ƙarshe a kan na'urori yana son shiri da atisaye kamar wanda zai hau dandamali. Sautin da ka naɗa kuma ya riga ya ƙone a ciki, in eko yayi yawa yayi yawa kenan sai dai ka sake bugawa, in kuma duk na'urorin ta miksa ɗaya suka bi suka fita a waya biyu to ba zancen rage jita ka ƙara ganga daga baya. Kowane sabon akwati yana zuwa da wayar sauti da wayar wuta da wayar MIDI, kowace waya kuma ƙofa ce ta hayaniya. Kuma aljihu yana ji, don abinda filogin ɗaya zai maka a nan akwati uku ne.

Amfi da makirfo bazan daɗe a kai ba, ba don bana ganin girmansa ba. Iskar da lasifika mai inci 12 take turawa, da yadda jita ke amsa amfin da ke kusa da ita har nota ta riƙe kanta, abu ne da hedifon baya bayarwa, kuma Shure SM57 da ake kafawa a bakin amfi tun 1965 har yau yana aikinsa, matsar dashi yatsa biyu daga tsakiyar lasifika zuwa gefe ya fi murɗa ikyu goma. Sai dai amfi mai kwalba baya buɗe murya sai an ɗaga shi, ɗagawar kuma a ɗakin kwana da dare kowa ya san ƙarshenta, makirfo zai kwaso amon bango da fanka da duk abinda ke motsi, kai kuma dole ka sa hedifon kaji bit ɗin alhali amfin na ruri a gefenka. In zaka rufe bakinsa da akwatin da ke shanye ƙarfin, to ka tabbata na kirki ne, don amfi mai kwalba ba a kunna shi ba lasifika ko makwafinta a jone, lalacewa yake. Bayan duk wannan wahalar, in jitar zata ƙare ne a yanke, an tace ƙasanta an tura ta bayan sinti uku, bambancin da ka sha wuya dominsa kaɗan ne zai tsira. In jita ce gaban waƙar na'ura na rakiya, kuma kana da ɗakin da zai ɗauka, bismillah. Mai jitar katako kuwa lissafinsa daban ne, shi makirfo kusa da firet na 12 kusan kullum yafi fikof ɗin da ke ƙarƙashin gadar jitar daɗi.

Ita kuma jita mai tuƙa sinti, tun 1977 Roland ya fitar da GR-500 ana ta bin mafarkin nan, yau akwai fikof ɗin GK mai raba kowace tsirkiya daban, akwai Fishman TriplePlay mara waya, akwai manhajar MIDI Guitar ta Jam Origin da bata buƙatar ka manna komai a jikin jitar. Suna aiki, amma akwai katangar da ba kamfanin da zai rushe ta gaba ɗaya: kafin na'ura ta san wace nota ka buga sai ta saurari kaɗawar tsirkiyar, babbar tsirkiya kuma tana kaɗawa sau 82 ne kacal a sakan, kaɗawa ɗaya milisakan 12 kenan, shi yasa notocin ƙasa kullum suke ɗan makara fiye da na sama. Kuma duk wata gogar yatsa da ƙaramar hayaniya da take ba jita daɗi, a nan nota ce ta ƙarya zata fito. Don shimfiɗa dogayen kod masu shigowa a hankali tana da kyau ƙwarai, don bes mai gudu kuwa ƙaramin fiyanon MIDI mai maɓalli 25 zai fi maka sauƙi ko da yatsa biyu kake dannawa. In sautin sinti kawai kake so a ƙarƙashin yatsunka ba notocin ba, fedal irin Boss SY-1 yana sarrafa sautin jitar ne kai tsaye, ba jira. Ableton Live ma tun ta 9 tana iya mayar da abinda ka riga ka naɗa ya zama MIDI, a nan jinkiri baya damun kowa.

Akwai tsaka-tsakin da nake ganin mutane basu cika lura da shi ba. Akwatunan kwaikwayon amfi, zuriyar da POD na Line 6 ya yiwa suna tun 1998, da yawansu yanzu sawunkad ne da kansu ta USB. HX Stomp misali zai baka sautin amfi a kunne kai tsaye daga cikinsa ba ruwanka da bofar kwamfuta, a lokaci guda yana tura mata kwafi biyu, mai ado da busasshe. Kaga ka buga da jin daɗin mai fedal, ka kuma ajiye busasshen don ranar da ka canza ra'ayi. Wanda ya riga yana da irin wannan akwatin kar ya sayi komai, ya nemo wayar USB kawai.

Ko wacce ka ɗauka dai akwai abubuwan da in ba a yi su ba jitar zata ci gaba da zama baƙuwa a waƙar. Sinti baya kuskuren tunin, A ɗinsa 440 ce daram, don haka ɗan karkacewar da ba a ji a jita ita kaɗai nan take zai fito fili, saita tsirkiya kafin kowane ɗauka, kuma ka gwada notar firet na 12 da ta tsirkiya a sake, in basu yi daidai ba gadar na son gyara. Ƙasan waƙa na kik, wato babbar ganga, da bes ne, yanke jitar daga wajen 100 zuwa 150 Hz, wani lokacin ma sama da haka, ita kaɗai zaka ji ta rame amma cikin waƙa sai ta fito sarai. Tsakiyar sauti kuma nan ne jita da shimfiɗar sinti da murya suke rububi, in sinti ya riƙe cikakken kod to kai buga nota biyu ko uku a sama, ko gajerun bugu masu kashewa da tafin hannu, kod mai tsirkiya shida da ake sharɓawa daga sama har ƙasa shi ne abu na farko da yake cushe waƙar na'ura. Ɗora mata kwamfuresan da kik ke tuƙawa, ta riƙa ɗan sunkuyawa duk sanda kik ya sauka kamar yadda sintin ke yi, sannan ka tura ta cikin ribab ɗaya da sauran, sai kunne ya yarda a ɗaki ɗaya suke. Wajen gyaran lokaci kuma a yi hattara, in ka ja kowace nota ta hau layin giridi daram ka kashe dalilin da yasa ka ɗauko jita tun farko, gyara farkon zagaye da wanda ya kauce sosai ka bar sauran su yi numfashi.

Shi ƙanin nawa da na tambaye shi me yake so a ƙarshe, yace so yake ya gama waƙa ya turawa abokansa, kuma laftof da manhaja yana dasu, sai nace masa toh sawunkad mai rami biyu da maɓallin INST, hedifon mai rufe kunne, sabuwar tsirkiya, filogin ɗin amfi na kyauta guda ɗaya tak, kar ya ƙara komai sai ya gama waƙa uku. Da cewa yayi shi dai so yake ya dawo da yamma ya buga ya huce ko ba a naɗa ba, da lufa mai MIDI da ƙaramin mashin ɗin ganga zan tura shi. Na kuma bashi aiki: bit mai sauƙi a 100 BPM, bofa 128, eko a milisakan 450, nota uku kacal a kowane zagaye.

Bayan kwana huɗu ya turo min sakan talatin, yace "Yaya saurara, sun fara magana da juna." Na saurara sau uku, lokacin ya zauna, ƙasan ya washe, tsirkiyarsa ta uku ce dai ta ɗan sauka, nace ya saita ta ya sake ɗauka.